Hudar Ƙusa a Ƙyauren Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Faskari ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa dubana ido cikin ido ba. In za ta aike ni, sai ta dubi ƙanwata, ko ta dubi turmi, ta ce, "A ce ma wancan shi kai ma babansu ruwa gona," alhali ina tsaye a gabanta, inuwata har tana taɓa ƙafarta. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, a can na girma. Kunyar ɗan fari ke nan. Haka kowa ya tarar, ba wanda yake ganin aibunta, ni ma a baki ban taɓa cewa komai ba. Amma a zuci abin yana cina. Nakan ga Inna ta danne kan ƙanwata a cinya tana yi mata kitso tana zaginta, sai in ji ko zagin nan ne a sam mani. Ba wani abu nake nema ba, so nake rana ɗaya matar nan ta ɗago kai ta dube ni.

Kaka kuwa ba ta bar ni na huta ba. Mijinta take kirana, kuma mijin banza, wanda ko gishiri bai iya kawowa gida. In na dawo makaranta ta ce, "Mai gida, mi ka samo mana yau? Boko za mu dafa?" In ce mata ta bari in yi kuɗi in auro yarinya in rabu da tsohuwa. Da wannan muke wuni.

Ina aji biyu na babbar sakandare aka ce wata jami'a ta gayyaci ɗalibai daga makarantun Kankara da Faskari da Sabuwa, su je su yi 'yan kwanaki a sashen fiziks lokacin dogon hutu, su ga abin da ake yi a can, ko wani zai yi sha'awa. A makarantarmu fiziks a allo muka san shi. Malaminmu mutum ne mai ƙoƙari, Allah ya saka mashi da alheri, amma ɗakin gwaje-gwajensa alli ne. In ana maganar gilashin da ke tara haske, ya zana. In ana maganar ma'aunin wutar lantarki, ya zana, har da 'yar allurarsa. Mu kwafa, mu haddace, mu zuba a jarrabawa. Da ya kira sunana cikin masu tafiya, daga makaranta har gida ban san na taka ƙasa ba.

Damina ce, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, Baba ya ɗan yi gunaguni a kan hannu guda da zai ragu a gona, sannan ya yarda. Kaka ce ta kai wa Inna labari ina laɓe a bakin zaure ina saurare. Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah shi kai lafiya," ta ci gaba da kaɗa rariyarta. Ranar tafiya ƙanwata ta kawo mani ƙullin ƙuliƙuli da gari, ta ce wai an ce a ba ni. Wa ya ce, ba a faɗa ba.

A Funtuwa aka haɗa mu cikin doguwar mota. 'Yan Kankara suna ta ɗaga kai wai su 'yan birni ne, mu da 'yan Sabuwa muka haɗa kai muka hana su sakat har muka isa. Da muka isa kuwa duk ƙauyancinmu ya zama ɗaya. Aka buɗe mana ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, muka ga daɓe yana ƙyalli, sai kowa ya tuɓe takalmi, 'yan Kankara ne ma a gaba. Silifa ta taru a bakin ƙofa kamar ranar Juma'a. Mai kula da ɗakin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu mayar, wuri ne da ake wasa da wuta, ba a shiga ba takalmi.

Wata Dakta ce ta karɓe mu, mace, mai fara'a, Hausarta irin tamu. An nuna mana abubuwa iri-iri. Akwai wani jan haske siriri da ke tafiya daga wannan bango zuwa wancan bai watse ba. Akwai wata babbar ƙwallon ƙarfe da aka ce in ka ɗora hannu a kanta gashin kanka zai miƙe tsaye. Aka nemi wanda zai gwada, sai aka duba aka ga mu mazan duk mun yi aski ƙwal saboda tafiyar, 'yan matan kuma suna cikin hijabi. Babu gashi ko na magani. Dole aka je aka nemo wani ɗalibin jami'a mai suma ya zo ya yi mana.

Abin da ya kama ni ba shi da na'ura ko ɗaya. Da rana tsaka Dakta ta shigar da mu wani ƙaramin ɗaki, an toshe tagarsa da baƙin kwali, ta kashe fitila. Duhu ƙirin. Ta ce kowa ya yi shiru ya jira idonsa ya saba, ya dubi bangon da ke fuskantar tagar. A jikin kwalin akwai 'yar huda, ba ta kai ƙwayar masara ba. Muna nan tsaye, sai bango ya fara fitar da abubuwa a hankali. Ga bishiya, gindinta sama, ganyenta ƙasa. Ga shuɗin sama a wajen ƙafafunmu. Ga wani mutum a kan keke yana wucewa, tayoyi sama, kai ƙasa, jar hularsa a fili. Wata yarinya 'yar Sabuwa ta fara karanto addu'a.

Dakta ta ce babu siddabaru a nan. Haske miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa. Wanda ya taso daga kan mutum, in ya ratsa hudar sai ya sauka ƙasan bango, wanda ya taso daga ƙafarsa kuma ya sauka sama, shi ya sa komai ya juye. Ta ce idon mutum ma kusan haka yake aiki. Sannan ta ƙara da maganar da har yau nake jin ta a kunnena: "Wannan ba ya son lantarki, ba ya son komai. Duhu da huda kawai. Ko a ɗakin uwayenku kuna iya yin shi."

Tun a cikin motar dawowa nake auna ɗakunan gidanmu. Ɗakin Kaka na ciyawa ne, asabari ne a ƙofar, haske ta ko'ina yake shiga. Turakar Baba zaure take kallo. Ɗakin Inna ne kaɗai ya dace: soro ne, da ƙyauren langa-langa, taga ɗaya 'yar mitsitsiya, bangon ciki an shafe shi da farar ƙasa, ƙofar kuma tana fuskantar tsakar gida inda rana ke zama. Na ce a raina, yau dai za ta ga abin da na koyo. Ko ba ta dube ni ba, ai ta dubi aikina.

Ni ba na iya zuwa in roƙe ta kai tsaye, sai na tura ƙanwata. Ta dawo ta ce, "Ta ce in ka ɓata mata ƙyaure, kai da babanka." A wajen Inna wannan izini ne.

Na samo ƙusa babba na huda langa-langar, na juya ta har hudar ta yi sumul. Na cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙyauren da gefensa, na toshe tagar da matashi. Ƙanwata ta janye jeren kwanonin da ya tare bangon. Kaka ta shiga da sandarta tana cewa in dai aljanu na kwaso daga makaranta to ta sake ni. Inna tana zaune a bakin gado, ta ce ita ba mai tashe ta daga ɗakinta saboda wasan wani. Na jawo ƙyauren daga waje na rufe su, na koma tsakiyar gida kusa da turmi na tsaya. An yi azahar, hadari ya washe, rana ta buɗe sosai.

Da fari shiru. Can sai na ji Kaka ta ɗauki salati. "Ga mijina nan rataye kamar jemage," in ji ta. "Kai, sauko kada jini shi taru maka a kai." Ƙanwata tana ta ƙyalƙyala dariya, tana cewa in ɗaga hannu, in yi tsalle, in ɗauki zakara. Duk na yi. Kunnena kuwa yana wajen murya ɗaya.

Da Inna ta yi magana, cewa ta yi, "Ni ban ga komi ba. A ce shi ƙara tsayawa."

Na tsaya. Zafin ɗakin ya kori Kaka da ƙanwata, suka fito suka mayar da ƙyauren, Inna ta rage ita kaɗai. Ƙanwata ta zauna a bakin ƙofa tana isar da saƙo. A ce shi juyo. Na juyo. A ce shi matso kaɗan. Na matso. A ce shi cire hula. Na cire. Gumi yana bin bayana, ƙasa tana ƙona mani tafin ƙafa, ina tsaye ƙiƙam har inuwar katanga ta fara cin tsakar gida. Sannan ƙyaure ya buɗe. Inna ta fito tana gyara ɗankwali, ta wuce ta gabana idonta a ƙasa, ta ce wa ƙanwata, "La'asar ta yi ba a ɗora sanwa ba, ana nan ana wasan yara."

Wallahi ranar na ji ciwo. Na fita bayan gari na zauna a gindin wata ɗorawa har magariba, tuwon ranar ma ban ci ba. Washegari na samo ƙaro zan liƙe hudar, ƙanwata ta tare ni ta ce an ce a bari, iska na shigowa ta nan. Na ce iskar da za ta shiga ta hudar ƙusa ai ko ƙuda ba za ta isa ba. Na jefar da ƙaron na tafi gona.

Tafiyar nan dai ita ta zaɓa mani hanya. Na gama sakandare, na samu shiga jami'ar, sashen da aka nuna mana, na zauna a gaban Daktar nan a matsayin ɗalibi. Duk hutu ina gida. Kuma duk zuwa abu ɗaya ne. In durƙusa a bakin ƙofar Inna in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, "An zo lafiya? Ya karatu?" Daga nan sai ta ce kanta na ciwo za ta ɗan kwanta, ta jawo ƙyaure ta rufe da rana tsaka. Ɗa ya yi wata da watanni ba ya nan, ya dawo, a rufe mashi ƙofa. Na san kunya, amma wannan na ɗauke shi ya wuce kunya.

Ga kuma wani abin haushi. Muna da dalbejiya a tsakar gida mai inuwa lumshi, amma tabarmata da kwanon abincina kullum a rana ake ajiye su, kusa da turmi. In ja tabarmar zuwa inuwa, ƙanwata ta zo ta ce Inna ta ce tsuntsaye na zubo kashi a can. Wata rana a ce tururuwa ce. Wata rana a ce an shanya wani abu. Na gaji da jayayya na riƙa ci a ranar, ina ci ina huci. Na taɓa ce wa Kaka, "Matar nan fa ba ta ƙaunata." Kaka ta dube ni ta ce, "Ci tuwonka, mai gida, miya na sanyi."

Kaka ta rasu ina shekarar ƙarshe, Baba ya bi ta ba da daɗewa ba. Na samu aiki a sashen namu. Sai kuma ƙasarmu ta rikice. Ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda yake da ɗan'uwa tsakanin Yankara da Ruwan Godiya ya san yadda noma ya koma, da yadda hanya ta koma. Zuwa gida ya zama sai an yi tambaya an ji ko hanya ta yi kyau. Daga baya mutanen ƙauyenmu suka fara tashi gida-gida. Mijin ƙanwata ya samu ɗakuna na haya a Kankara, aka ce Inna ta bi su.

A waya ƙanwata ta ba ni labarin tashin. A-kori-kura guda gidaje da yawa suka haɗu a kai, kowa abin da ya fi bukata kawai zai ɗauka. Inna ta bar gadonta na ƙarfe, ta bar rabin jerenta, amma ta ce ba ta hawa motar sai an cire ƙyauren ɗakinta an ɗora. Ana sauri, direba na faɗa, ita tana tsaye. Dole aka ɓalle shi. Raina ya ɓaci, na ce wa ƙanwata wane irin abu ne wannan, mutane na gudun rai ana jan tsohuwar langa-langa mai tsatsa? Ta ce, "To Yaya, Inna ce."

A Kankara ƙyauren bai yi amfani ba. Ɗakin hayar yana da ƙofarsa ta ƙarfe da tagogi manya, gabansa kuma rumfar kwano ce, rana ba ta sauka. Aka jingine shi a bayan ɗaki. In na je gaishe ta, sai ta juya fuska wajen bango mu gaisa, can ta ce bari ta leƙa maƙwabta. Ta rame, ta yi shiru. Ta bar gonarta da dalbejiyarta da kaburburan mutanenta, zaman gari bai karɓe ta ba. Ba ta daɗe ba ciwo ya kwantar da ita. Ina kan hanya aka kira ni aka ce ta cika.

Bayan an share makoki muna tattara 'yan kayanta ni da ƙanwata, na ga ƙyauren a jingine, na ce a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su ɗauke shi, ya tare wuri. Ƙanwata ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

"Yaya, da gaske kake? Ashe ba ka sani ba?"

Na ce mene ne ban sani ba.

"Ranar da ka huda ƙyauren nan, ai ta riga kowa ganinka. Ina kusa da ita, ta kama hannuna ta matse har ya yi ciwo. Cewa ta yi ba ta gani ba don kada ka tafi."

Na nemi wuri na zauna.

"Duk zuwan da kake yi hutu, in ta rufe ƙofa, kai take kallo. Ita ke cewa in kai tabarmarka wajen turmi, in kana cikin inuwa ba ka fitowa a bango. Ni ke cusa mata tsummokin. Juyewar da kake yi a bangon ce ba ta so, sai ta kwanta a gado ta sako kanta ƙasa don ta gan ka daidai. Tsohuwa da ita, kai a rataye. In na shiga daga baya ta ce, wancan ya rame, ba su cin abinci a makarantar ne? Shekarar da ka bar gemu ta ce irin na babanta ne sak."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mani?"

"Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Kuma da ka sani ai ba za ta ƙara iya yi ba, kunya za ta hana ta."

Ina tuna ranakun da na zauna a wajen turmin nan na ɗaure fuska ina tura tuwo da haushi, ashe fuskar da take kallo ke nan. Sai na tambaye ta, "To a ɗakin, in ƙofa na rufe, ta taɓa kiran sunana?"

Ƙanwata ta yi dariya da hawaye a idonta. "Haba Yaya. Inna ce fa."

A saman mota na ɗauro ƙyauren, 'yan kamasho suna tambayata ko gini zan fara. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya a bayan sashenmu da ba ya da taga, na roƙa aka bar mani, kafinta ya ɗan rage katakon jikin ƙyauren ya kafa shi. Na shafe bangon ciki da farin fenti. Abokan aikina suna tsokanata, wai ga na'urori a ɗakin gwaje-gwaje ni na liƙe wa langa-langar ƙauye.

Yanzu ni ke karɓar 'yan sakandare in sun zo. Har yau ana kawo su daga Kankara da Faskari da Sabuwa in hanya ta yarda, ko da yake in ka tambayi yaro garinsu, sau da yawa sai ya faɗi sunan ƙauye sannan ya ce amma yanzu suna zaune a wuri kaza. Har yau wasu suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kuma ba na bari a yi musu dariya sosai. Ina nuna musu jan hasken, da ƙwallon ƙarfen, mun ma tanadi ɗalibi mai suma. Daga ƙarshe, in rana ta take, in kai su ɗakin nan in yi musu bayanin yadda haske ke tafiya miƙe.

Ana bukatar mutum guda ya fita waje ya tsaya don a gan shi a bango. Ɗalibaina sun san ba a yi mani tayin wannan, ni ke fita. Ina jawo ƙyauren in rufe su, in koma cikin rana in cire hula, in saki fuskata gwargwadon iyawata. Ina jin shirunsu, sannan salati, sannan dariya. Ina kewar Inna a wannan tsayuwar fiye da ko'ina, da tsakar gidanmu, da turmin, da muryar Kaka. Ban san ko soron yana tsaye ba har yanzu, ba mai zuwa ya dubo.

Can sai wani daga ciki ya ƙwanƙwasa langa-langar ya ce, "Malam, mun gani, ka shigo, akwai rana."

Nakan ce musu su ƙara dubawa da kyau, in ƙara tsayawa kaɗan.